Tafsirin awa 60 a memori ɗaya: yadda ake rage nauyin sauti ba tare da an kashe haruffa ba

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na Hausawan Garwa ya san wannan roƙon: "Don Allah a rage masa nauyi, ya ƙi sauka." Wani bawan Allah ya turo karatu, ko wa'azi, ko darasin yara, kowa ya gani, amma kaɗan ne suka ji. Wani data ta ƙare masa a tsakiya, wani waya ta ce babu wuri, wani kuma sabis ya ɗauke saura ƙiris a gama. Da azumi ya matso sai abin ya ƙaru, saboda kullum akwai sabon zama na tafsiri, kuma kowane zama ya kan kai awa ɗaya zuwa biyu.

Ni malamin firamare ne, a ENIEG ta Garwa na samu horon koyarwa. Aikin aji ne ya tura ni koyon wannan abu, kuma na ga amfaninsa ya wuce aji. Rage nauyin sauti ba wuya gare shi ba, tsohuwar kwamfuta ma tana yi. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin abin da za a zubar da abin da za a bari, domin duk ragi zubarwa ne. Wanda ya zubar da yawa zai raba wa jama'a karatun da haruffansa suka mutu.

Mu da kunne muke riƙe da Hausa

A Garwa, kamar Marwa da Ngaundere, Fulatanci ne harshen kasuwa da titi, Faransanci kuma na makaranta da ofis. Yaranmu ba sa koyon karatun Hausar boko a aji. Saboda haka yawancin abin da ke zuwa mana da Hausa ta kunne yake shigowa. Iyayenmu sun tashi da sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da na Muryar Jamus na 1963, sannan Muryar Amurka a 1979, daga baya RFI a 2007. Da azumi kuma ana kamo Rediyon Kaduna don jin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello, da na Sheikh Dahiru Usman Bauchi. Abin da rediyo bai kawo ba, 'yan kasuwa su shigo da shi a kaset ta hanyar Yola da Mubi.

Kaset ya wuce, faifan CD ya zo ya wuce, aka koma memori da Bluetooth da Xender. Intanet mai sauri na waya ya shigo Kamaru da kamfanin Nexttel a 2014, MTN da Orange suka biyo baya a 2015. Tun daga nan WhatsApp ya zama babbar hanya. Sai dai hanyar ba ɗaya take ga kowa ba. Wanda ke Marware ko Pumpumre a tsakiyar gari daban, wanda ke wani ƙauye bayan Pitowa, ko wajen Poli da Cholire, daban. Ga kuma batun wuta. Madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, ita ce ginshiƙin lantarkin arewa, kuma idan ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta. Fayil ɗin da zai ɗauki rabin awa yana sauka, data yake ci, caji ma yake ci, alhali wani sai ya biya kuɗi a shago ake yi masa cajin.

Mu malamai mun ɗanɗana wannan a 2020. Ranar 18 ga Maris aka rufe makarantun ƙasar nan saboda korona, aka riƙa ba da darussa ta CRTV. Ba kowane gida ke da talabijin ba, kuma ba kullum ake da wuta ba. Da yawanmu sai muka koma naɗar shifta da karatu da murya muna tura wa iyaye. A nan na ga cewa darasin minti ashirin, idan ya yi nauyi, uban yaro ba zai buɗe ba, kuma ba laifinsa ba ne. Da na rage shi ya dawo mega biyar, sai amsoshi suka fara dawowa.

Daga ina nauyin yake fitowa?

Kwamfuta ba ta jin murya yadda kunne ke ji, aunawa take yi. A ma'aunin faifan CD, tana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo ta rubuta shi da lambobi 16 na sifili da ɗaya, kuma ta yi hakan sau biyu, na kunnen dama da na hagu. Idan ka haɗa, kilobit 1,411 ke nan a daƙiƙa guda. Minti ɗaya ya haura mega 10, awa ɗaya kuwa kusan mega 635. Fayil mai ƙarewa da WAV galibi haka yake, ɗanye ne, ba a taɓa shi ba. Na'urorin naɗar sauti da ake haɗawa da amsa-kuwwar masallaci da yawa irinsa suke fitarwa.

Wannan nauyi ne ya sa masana a cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka yi shekaru suna neman mafita. Abin da suka fito da shi ya zama ƙa'idar duniya a 1993, aka raɗa masa suna MP3 a 1995. Dabarar tasu daga halin kunne suka ɗauko ta. Idan injin niƙa yana aiki, ba ka jin kukan sauro ko da yana kusa da kai. Babban sauti yana danne ƙarami. To, MP3 sai ya binciko duk ƙananan sautukan da aka danne, ya ƙi rubuta su, tunda dama ba za a ji su ba. Da haka fayil ke raguwa ya dawo kashi ɗaya cikin goma, ko ƙasa da haka, mai sauraro bai lura ba.

Wani abin lura a tarihin nan: abin da ya fi ba Brandenburg wahala a gwaje-gwajensa shi ne muryar wata mawaƙiyar Amurka, Suzanne Vega, tana rerawa ita kaɗai babu kiɗa. Muryar ɗan Adam tsurarta ba ta da wurin ɓoye aibi. Mu kuwa kusan duk abin da muke rabawa murya ce tsura.

Abu biyu ne ke yanke nauyin fayil: tsawon lokacinsa, da yawan kilobit da aka ba kowace daƙiƙa, wanda za ka gani an rubuta kbps; shi kuwa kasancewar sautin na kunne biyu, wato sitiriyo, ko na kunne ɗaya, wato mono, yawan kbps ɗin da ake bukata yake shafa. Lissafin mai sauƙi ne, ko ɗan aji shida zai yi. Ga nauyin awa ɗaya:

A kbps 128, kusan mega 58.
A kbps 64, kusan mega 29.
A kbps 48, kusan mega 22.
A kbps 32, kusan mega 14.

Wato ka raba lambar kbps biyu, ka ɗan rage kaɗan, ka samu megan awa guda. Yanzu mu ɗauki tafsirin wata guda, zama 30, kowanne awa biyu, awa 60 ke nan. Ɗanye a WAV zai kai giga 38. A kbps 128 ya dawo giga uku da rabi. A kbps 32 bai cika giga ɗaya ba, mega 864 ne. Ƙaramin memori na giga biyu zai ɗauke shi har da sauran wuri. Malami ɗaya, magana ɗaya, amma bambanci ya haura ninki arba'in.

Inda ake kashe haruffa

Mai karatu zai ce, to me zai hana a sauka ƙasa da 32, a yi 16 ko 8? Ana iyawa, kuma wasu na yi. Abin da ke biyo baya shi ne muryar da ke fita kamar daga cikin tulu, da wani shuu-shuu a bayan kowace kalma.

Dalilin shi ne kowane sauti girgiza ce ta iska. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Kaurin murya da wasula suna ƙasa-ƙasa, amma haruffa masu shewa irin su "s" da "sh" da "f" da "ts" suna can sama, da yawansu sun haura 4,000. Tsohuwar wayar tarho tana yanke duk abin da ya wuce 3,400, shi ya sa idan ana faɗa maka suna a waya sai ka ce a maimaita. Manhajar da aka matsa mata ta rage nauyi fiye da kima, daga saman nan take fara yanka. Akwai kuma ƙa'ida: na'ura ba ta iya riƙe girgizar da ta wuce rabin adadin awonta. Idan ka zaɓi awo 8,000 a daƙiƙa, duk abin da ya haura 4,000 ya tafi. Idan ka zaɓi 22,050, za ka riƙe har wajen 11,000, wanda ya wadatar da magana.

A aji na ga illar wannan ƙarara. Yaron da ke rubuta shifta ta Faransanci daga sauti mai rauni ba zai bambanta "casser", fasawa, da "cacher", ɓoyewa, ba. A Hausa ma "sa ruwa" da "sha ruwa" sai su zo kusa da juna. A wa'azi wannan da sauƙi, tunda mahallin magana zai nuna maka abin da ake nufi. Amma ɗalibin da ke koyon tajwidi daga waya fa? Shi harafin kansa yake nema. Bambancin sin da sad, da sin da shin, da yadda numfashi ke fita a harafin ha, su ne darasin. Idan aka aske su don a tsira da mega biyar, an ba shi fayil mara nauyi kuma mara amfani, kuma zai haddace abin da ya ji.

Saboda haka ga abin da nake bi, kuma nake ba abokan aiki shawara a kai. Karatun Alƙur'ani da za a koya da shi, da darasin harshe na yara, kada a sauka ƙasa da kbps 64 a mono. Tafsiri da wa'azi da lacca, kbps 48 ya yi kyau, 32 ma ya isa idan asalin naɗin yana da tsabta, da awo 22,050. Abin da ke da kiɗa a bar shi a 128, sitiriyo. Maganar mono kuwa riba ce tsagwaronta: malami ɗaya da makirufo ɗaya ba ya bukatar kunne biyu, sautin dama da na hagu iri ɗaya ne.

Akwai sabon tsari da ya fi MP3 iya riƙe murya a ƙaramin nauyi, sunansa Opus, an tabbatar da shi a 2012, kuma da shi WhatsApp ke naɗar saƙon murya. A kbps 24, wato kusan mega 11 a awa, yana fita tas. Matsalarsa ɗaya: ƙananan wayoyi masu madannai da rediyoyin nan masu cin memori, waɗanda iyayenmu mata da masu shaguna suka fi amfani da su, da yawansu MP3 kawai suka sani. Idan ba ka san inda fayil ɗinka zai ƙare ba, MP3 ya fi aminci.

Yadda ake yi a kwamfuta

Manhajar da na fi amfani da ita Audacity ce. Kyauta ce, ta fito a shekarar 2000 daga hannun Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, tana da Faransanci, kuma da zarar an saka ta ba ta bukatar intanet. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a filas.

Ka buɗe ta, ka jawo fayil ɗin ka saka a ciki, za ka ga sautin ya shimfiɗu kamar zanen tuddai. Fara da yanke abin da ba karatu ba: gwajin makirufo na farko, jiran malami ya zauna, hayaniyar watsewa ta ƙarshe. Ka zaɓe su da linzami ka goge. Sau da yawa a nan kaɗai minti goma ke fita. Daga nan ka je "Fichier", ka zaɓi "Exporter". A tagar da za ta buɗe ka zaɓi MP3, ka zaɓi mono, ka sa kbps ɗin da kake so, ka ba shi sabon suna, ka adana. Idan fayiloli da yawa ne, ana iya tsara mata ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kanta.

Wanda ba shi da Audacity, mai yiwuwa yana da VLC, manhajar nan mai alamar mazugi ruwan lemo da ɗalibai suka fara ƙirƙira a Faransa. Kusan kowace kwamfuta a shagunan tura waƙa na babbar kasuwa tana da ita, amma kallo kawai ake yi da ita. A ƙarƙashin "Média" akwai "Convertir", ka sa fayil, ka zaɓi MP3, ka shiga gyaran tsarin ka canza kbps da adadin kunne. VLC tana da wani amfanin babba: tana cire sauti daga bidiyo. Sau nawa ake turo bidiyon awa biyu na malami zaune a kujera, hoton bai canza ba daga farko har ƙarshe? Hoton ne ke ɗauke da yawancin nauyin. A cire muryar a raba, mai son bidiyo ya nema daban.

Kafin ka tura, ka saurara. Kada ka saurara da babbar sifika ko abin kunne mai tsada, ka sa shi a waya mafi rauni da ke gidan, ko rediyon memori, domin a nan jama'a za su ji shi.

Abubuwan da ke yaudarar mutane

Na farko ZIP. Yana rage takardu sosai, amma MP3 dama a matse yake, ba abin da zai ragu na a zo a gani, ga shi ƙaramar waya ba za ta buɗe ba.

Na biyu matsa abin da aka riga aka matsa. Kamar hoton takarda ne da aka yi daga hoton takarda, kowane zagaye rubutu na ƙara dusashewa. Wani karatun kafin ya iso Garwa daga Kano ko Jos ya bi hannu biyar, kowa ya rage. Idan za ka rage, nemi mafi kusa da asali.

Na uku ɗaga lamba. Mayar da fayil mai kbps 32 zuwa 128 ba ya dawo da komai, nauyi kawai ya ninka huɗu. Abin da aka zubar ya zube.

Na huɗu shafukan intanet masu rage nauyi kyauta. Suna aiki, amma sai ka fara ɗora musu babban fayil ɗin gaba ɗaya, wato ka kashe datar da kake gudun kashewa. Idan kuma naɗin na zaman iyali ne, ko muryoyin yara 'yan makaranta, ka miƙa shi ga wanda ba ka sani ba.

Asali amana ne

Duk abin da na faɗa a sama na rabawa ne. Ajiya kuwa hukuncinta daban. A gidaje da yawa a Garwa akwai kwalaye na tsofaffin kaset: karatun malaman unguwa da suka riga mu gidan gaskiya, wa'azin Maulidi, waƙoƙin biki, muryar kaka tana ba da tarihin yadda zuri'a ta taso daga Kano ko Katsina ta zauna a bakin Binuwai. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40 a nan, da ƙurar hunturu, ba sa barin zaren kaset lafiya. Na manyan malaman Najeriya akwai masu adana su a can. Na malamanmu na nan, idan ba mu muka adana ba, babu mai yi.

Wanda ya samu rediyon kaset mai aiki da wayar haɗi, Audacity za ta naɗa masa. Amma ya ajiye naɗin farko a WAV, ko a FLAC, wanda ke rage kusan rabin nauyi ba tare da zubar da komai ba. Daga wannan uwar ake cire ƙananan kwafi na rabawa. A ajiye uwar a wuri biyu, kada a bar ta a filas ɗaya da ke yawo a aljihu. Gobe za a samu dabarar tace sauti da ta fi ta yau, kuma da asali kawai za ta yi aiki.

Suna ma amana ne. Fayil mai suna AUD da jerin lambobi, bayan wata uku babu wanda ya san na wane ne. A rubuta sunan malami, da littafi ko sura, da wuri, da kwanan wata. Daƙiƙa goma ce, amma tana hana a jingina wa wani maganar da ba tasa ba.

Sai babbar amanar: almakashin da ke yanke shiru shi ne ke yanke magana. Mun sha ganin guntun sauti na minti ɗaya da aka ciro daga karatun awa biyu, an bar "ya halatta" an yanke "idan", ya tayar da ƙura tsakanin mutanen da ke sallah a sahu ɗaya. Rage nauyi daban, rage ma'ana daban. Wanda ya ga dole ya gutsuro wani yanki, ya rubuta cewa yanki ne, ya faɗi inda cikakken yake.

Shawarata ga kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya na Garwa, da Gidar, da Figil, da sauran garuruwanmu, ita ce kowanne ya ware matashi ɗaya da zai riƙe wannan aiki tun kafin azumi. Kullum ya fitar da kwafi biyu, babba na ajiya da ƙarami na rabawa, ya tura ƙaramin a daren da aka yi karatun, kafin wasu su rage shi yadda suka ga dama. Koyon aikin bai wuce zama ɗaya bayan la'asar ba. Ya ɗauki minti biyar na karatun bara, ya fitar da shi a 64 da 48 da 32, ya kunna wa liman da wata dattijuwa a rediyonta, wanda suka ce sun ji kowane harafi a cikinsa, shi za a riƙe. Allah ya sa mu ga watan lafiya.